Shanun da Suka San Ƙaho

A Bremval, garinmu, ba a noma sai iya inda idon mai gadi ke kaiwa daga kan hasumiyar coci. Abin da ya wuce nan an bar wa ƙaya da kyarketai tun zamanin kakanni. Gonar Tassin ce ta ƙarshe, can gab da daji, inda sai mai gadi ya ƙura ido sosai kafin ya bambance mutum da kututture. Ubansa ya bar masa ita, da garma guda, da yaƙi.

Yaƙin kuwa gado ne na gaske. A cikinsa kakan Tassin ya yi aure, a cikinsa aka haifi ubansa. Wai sarkin Ingila da sarkin Faransa ne ke jayayya a kan wanda ya fi cancanta da karagar mulki. Haka Fada, limamin cocinmu, ya taɓa bayyana mana bayan sujada, muka gyaɗa kai, kowa ya tafi neman abin da zai jefa a tukunya. Abin da muka sani shi ne 'yan Ingila jan gicciye suke ɗinkawa a ƙirji, namu kuma fari. Masu ja in sun zo su kwashe, su cinna wuta. Masu fari in sun zo su kwashe, su ce mu yi wa sarki addu'a.

Tassin gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da magana da mutane. In ka gaishe shi sai ya ɗaga haɓa, shi ke nan ya amsa. Amma ka bi bayansa gona, za ka rantse mutum uku ne ke hira, alhali shi ne da shanunsa. Matarsa Alizon, wadda bakinta ya ishi gida biyu, takan ce wa mata a rijiya, "Duk mai son jin muryar mijina sai ta nemo ƙaho da wutsiya."

Shekarar da 'yarsu Jakette ta cika shekara bakwai ya rasa shanunsa na farko. Yana tsakiyar huɗa aka kaɗa ƙararrawar coci, alamar mahara sun taso. Kowa ya zubar da abin hannunsa ya nufi coci, domin an kewaye ta da katanga da gwalalo, in an rufe ƙofa mahara ba su cika ɓata lokacinsu a kanta ba. Shi kuwa ya tsaya kwance karkiya. Ruwa ya jiƙa igiyar, ƙullin ya kumbura, ya ƙi warwaruwa. Da ya samu ya kwance, sai shanun suka tsaya suna kallonsa, don sa ba ya gane gaggawa. Yana jansu yana roƙonsu masu jan gicciye suka iso. Ya ƙi sakin igiya, sai ɗayansu ya taimake shi da takobi. Tun daga ranar yatsu uku gare shi a hannun dama. A wannan harin kam sai da aka fasa ƙofar cocin, aka tafi da ƙararrawar ma, shi ya sa mai gadi ya koma busa ƙaho.

Shekara uku suna tonon gonar nan da hannu, shi da Alizon. Ƙasar Bremval kuwa laka ce mai nauyi, fartanya sai dai ta yi mata susa. Abin da suka samu bai taɓa kai su ƙarshen sanyi ba. A shekarun nan suka binne yara biyu maza, ba wata cuta ce ta kashe su ba illa ta tukunya. Tassin bai yi kuka a gaban kowa ba, amma ya fita da abu guda a ransa: gidan da ba sa a cikinsa, ana haƙa kabari a bayansa.

Ya je ya yi wa sufayen cocin da ke hayin rafi aikin girbi biyu, suka sallame shi da 'yan maruƙa biyu da suka fid da rai da su. Baƙin ya sa masa Morel, jan kuma Brunel. A ɗaki ya kwana da su har sanyi ya wuce. Da suka yi ƙwari, sai ya je wurin surukinsa Odart, yayan Alizon, wanda gurguwar ƙafa ta sa aka ba shi gadin hasumiya.

"Suruki, ina so ka riƙa busa mini ƙaho kowace safiya."

"Don me? Ka zama sarki ne ban ji ba?"

"Don shanu."

"To, madalla. Ƙanwata ta auri mutumin da ke wa maruƙa bushe-bushe. In zo da kalangu kuma?"

Ya dai yarda, bayan an shela wa gari cewa busar safe ba ta hari ba ce. Dabarar ba ta da wuya. In ƙaho ya tashi, Tassin ya ruga da maruƙan zuwa ƙofar coci, can ya buɗe tafinsa su lashi gishiri. Ba ya ba su gishiri ko'ina sai nan, kuma ba ya bari su bar wurin sai ya kira su da bakinsa. Gishirin kuwa daga tukunyar Alizon yake fitowa.

"Wata uku muna shan miyar kabeji lami," in ji ta, "su kuma manyan gida suna lasar gishiri a ƙofar ɗakin Allah. Tsohon nan, in na mutu ka sa Morel ya dafa maka."

"Zai fi ki shiru," ya ce. Wannan ce doguwar maganar da ya yi mata a makon.

Kafin shekara ta zagayo, da jin ƙaho shanun nan za su ɗaga wutsiya su bi hanyar coci da gudu, ba mai kora, ba mai ja. Ya kuma ƙago wani ɗauri na karkiya da yatsu uku ke warwarewa da fizga ɗaya. Ranar da hari na gaske ya zo, Morel da Brunel sun riga limamin kansa shiga katanga. Masu dariya suka daina. Ɗaya bayan ɗaya suka zo da dabbobinsu, Tassin ya koya musu. Daga baya ma ba a bukatar koyarwa, ƙanana na bin manya, har tumaki da aladu. Ka ga alade yana sheƙa gudu zuwa coci kamar wanda ya makara sujada.

Shekara tara Bremval ba ta rasa ko kofato ɗaya ba. Ƙauyukan da ke kewaye da mu suka zama kufai, mu kuwa muna cin gurasa har da man shanu ranar idi. Kuma mun yi baki, ba zan ɓoye ba. Ba kasuwar da ɗan Bremval bai ba da labarin shanunmu ba, da ƙari a kai. Shi kansa Tassin, in ya sha kofi biyu a kasuwar birni, sai bakin nan da ba ya buɗuwa ya buɗe, ya kwatanta yadda ake yi dalla-dalla, har da kwaikwayon busar. Wannan ne kaɗai abin da ya taɓa yin alfahari da shi a duniya, wa zai hana shi?

A shekara ta goma ruwa ya yi yawa, huɗa ta makara. Alkamar sanyi dole ta shiga ƙasa kafin idin Waliyyi Martin, in ba haka ba ƙasa ta daskare, sai wata shekara. Saura kwana goma sha biyu, Tassin bai kai rabin gonarsa ba. Bakuna biyar ke jiran gonar nan: shi, Alizon, Jakette wadda mijinta ya bi soja bai dawo ba, da 'ya'yanta biyu ƙanana.

Sai wani mai tallan allura da zare ya shigo da labari. Rundunar 'yan Ingila na tafe daga arewa, sojan sarkinmu kuma sun sha gabanta suna share ƙasa, don abokan gaba su tarar ba abin ci. Ba sa barin hatsi, ba sa barin dabba. Jibi za su iso Bremval.

Aka taru a farfajiyar coci. Wani ya ce a rufe ƙofa kamar kullum. Fada ya girgiza kai.

"'Ya'yana, waɗannan masu farin gicciye ne, da takardar sarki a hannunsu. In muka rufe musu ƙofa mun zama 'yan tawaye. Itatuwan bakin hanya za su ishe su rataye mu."

"To Fada, wa ke kare mu daga masu kare mu?" in ji Alizon.

Aka yanke shawarar a kai dabbobi daji. Akwai wani kwari inda masu gawayi suka taɓa zama, baƙo ba zai same shi ba ko da zai yi wata yana nema. Washegari da sassafe gari ya kwashe, aka share sawu da rassa. Odart ne kawai ya zauna, shi da Fada, don ƙafarsa ba za ta kai shi ba.

Sojan suka zo, suka kwana, suka wuni suna kewaya bakin daji. Mu muna kwari, an hana hura wuta, an ɗaure bakin karnuka. A rana ta biyu har an fara murmushi. Ana cewa gobe za su gaji su wuce.

Da tsakar rana Tassin na zaune yana cire wa Brunel kaska, sai hannunsa ya tsaya. Alizon ta ga fuskarsa ta canza.

"Mene ne? Cikinka ne?"

"Ƙahon. Ina ƙahon?"

"Yana inda yake mana, a wuyan Yaya."

Ta faɗa, sannan ita ma ta ji abin da ta faɗa. Mutum sittin suka zauna suka tsara gudun nan, an tuna da cokali, an tuna da kajin Fada, ba wanda ya tuna da ƙaho. Ta ina za mu tuna? Shekara tara abin nan shi ne cetonmu. Ba wanda ke ɓoye wa kansa maganinsa.

Tassin ya tashi yana bin mutane, yana cewa a ɗaure, a ɗaure komai. Igiyoyin ba su kai ba, don mun daɗe da daina ɗaure dabba. Ya yagi gashin tumaki ya cuɗa da kitse ya toshe kunnuwan shanunsa, ya ɗaure su ta ƙaho a jikin itace, ƙulli kan ƙulli. Wani saurayi ya ce zai lallaɓa gari ya karɓo ƙahon, tsofaffi suka ce in an kama shi an kama kwarin gaba ɗaya. Ana cikin wannan gardama aka busa.

Ba busar Odart ba ce. Wani ne da bai iya ba, sautin na fita a karkace kamar kukan jaki mai mura. Dabbobin ba su damu da wannan ba. Kwarin ya motsa gaba ɗaya. Tumaki suka fara, aladu suka bi ta tsakanin ƙafafun mutane, shanu suka tsinke abin da aka ɗaure su da shi. Mata na rungume awaki ana jan su a ƙasa. Wani dattijo ya tsaya a bakin hanya ya ware hannuwa, saniyarsa ta ture shi ta wuce.

Morel da Brunel ba su ji busar ba, amma suna da ido. Brunel ya fizga sau biyu, reshen ya karye, ya tafi yana jan sa. Morel kuwa a gindin itacen aka ɗaure shi, kuma igiyar sabuwa ce. Ya ja, ya durƙusa, ya tashi ya sake ja. Tassin ya rungume wuyansa yana masa magana.

"Tsaya, ɗan'uwa. Yau ba a zuwa. Na san ni na ce, amma yau ba a zuwa. Ka ji ni?"

Ina zai ji, shi da ya toshe masa kunne da hannunsa? San ya ci gaba da jefa jikinsa, idanu sun juye, kumfa na zuba. Gindin ƙahonsa na hagu ya tsage, jini ya gangaro masa a fuska. Alizon na ihu, "Riƙe shi, kada ka sake shi, saura kaɗan ya gaji." Amma Tassin ya san sansa. Ba zai gaji ba sai ya karya wuya. An koya masa cewa in an gudu ana tsira, kuma ya yarda da wanda ya koya masa. Tassin ya zaro wuƙa ya yanke igiyar.

Ya bi sawunsu har gari. Alizon ta ce kada ya je, ya je.

Farfajiyar coci cike take da dabbobin Bremval, kowace a inda ta saba tsayawa, soja sun rufe ƙofa suna dariya har da riƙe ciki. Odart na zaune a gindin hasumiya, leɓensa a fashe. Da ya ga Tassin sai ya sunkuyar da kai.

"Suruki, na ƙi busawa. Na rantse da Waliyyi Martin na ƙi. Ƙwacewa suka yi."

"Na ji. Ai ka fi haka iyawa."

Shugaban sojan ba wani dodo ba ne. Saurayi ne ramamme, takalminsa a yage, yana cin ɗanyen tuffa. Morel da Brunel na tsaye a ƙofar coci suna huci, da suka hango Tassin suka miƙo baki suna neman tafinsa.

"Kai ne mai shanun nan da ake faɗa?" in ji shugaban. "Tun bara na ji labarinka a wani gidan giya, na ce ƙarya ce. Yau da muka rasa yadda za mu yi na tuna. Allah Ya yi maka albarka, tsoho, ka hutar da mu."

Tassin ya cire hula ya durƙusa a cikin taɓo.

"Ranka ya daɗe, a bar mini ɗaya. Wannan mai raunin. Ba zai yi muku tafiya ba. Kwana goma kawai, in gama shuka, sai in kawo shi da kaina duk inda kuke."

"In na bar maka shi, jibi 'yan Ingila su cinye shi, su sami ƙarfin kashe yarana. Haka kake so?"

"Akwai jikoki biyu a gidana."

"Akwai mutum ɗari biyu a bayana, rabonsu da nama tun girbi." Ya jefar da guntun tuffan. Bai ɗaga murya ba, bai ma yi fushi ba. "Sarki zai tuna da ku."

Da aka zo tafiya sai wata matsala ta taso. Dabbobin suka ƙi fita. Aka yi duka, aka yi tsawa, suna kewayawa suna komawa ƙofar coci, don ƙananan na kallon Morel da Brunel, su kuwa ba sa barin wurin sai an kira su. Wani soja ya zare takobi ya ce a sare jijiyar manyan biyun a huta. Shugaban ya dubi Tassin.

"Ko ka kira su, ko a yi haka. Zaɓi."

Ya cire musu gashin da ya toshe musu kunne, ya kira su. Sautin nan da yake yi da harshe kowace safiya, shi ya yi, suka biyo shi, garken gari duka ya biyo su. Bai tsaya a ƙofa ba, don da ya tsaya sun tsaya. Shi ya ja su har sansanin soja, tafiyar wuni guda, yana gaba, hular a hannu. A hanya ya wanke wa Morel fuska a rafi. Da aka isa aka ba shi rabin gurasa, aka ce ya juya. Bai tambayi abin da za a yi da su ba, ya ga tukwane a kan wuta.

'Yan Ingilan da aka yi duk wannan dominsu ba su ma biyo ta wajenmu ba. Wata hanya suka bi.

Saura kwana bakwai idi ya sa karkiya a kafaɗarsa, Jakette a ɗaya gefen, Alizon ta riƙe garma. Mutum biyu ba su kai ƙarfin sa ɗaya ba, balle shanu biyu. Garmar na shiga laka ta tsaya, su ja har jijiyar wuya ta fito, ta matsa taki ɗaya. Alizon, wadda ba ta taɓa rasa abin faɗa ba, ta yi kwana bakwai tana kallon bayan mijinta ba ta ce uffan ba. Kunya goma sha ɗaya suka ƙara, sannan ƙasa ta daskare.

Ba wanda ya zagi Tassin a gari. Da sun zage shi da ya fi masa sauƙi. Sai dai in ya doso mutane su yi shiru, in ya wuce su ci gaba. Ƙaramar jikar ba ta ga ƙarshen sanyin nan ba. Da hanya ta buɗe, Jakette ta ɗauki wanda ya rage ta tafi birni neman aikin wanki, ba mu sake jin ɗuriyarta ba. Odart ya ci gaba da hawa hasumiya, don ba a ce ya daina ba, yana gadin gonakin da ba komai a cikinsu.

Tassin ya ƙara shekara shida a duniya. Maganar da dama ba ta da yawa ta ƙare, tunda waɗanda yake yi da su ba sa nan. Yakan tona abin da ya iya tonawa a bayan gida, ya shuka wake da kabeji.

A kakar girbinsa ta ƙarshe, Robine, wata gwauruwa mai 'ya'ya huɗu, ta samo 'yar maraƙa daga dangin mijinta. Ita ce dabba mai ƙaho ta farko da ta shigo Bremval tun ranar nan. Yara suka bi ta suna kallo, wasunsu ba su taɓa ganin irinta ba. Robine ta ja ta har ƙofar Tassin, da ɗan gishiri ƙulle a bakin zane.

"Baba Tassin, ga ta. Ka koya mata, ko kuwa kada a koya mata? Mutane sun raba mini hankali. Wasu sun ce in ba ta san ƙaho ba masu ja za su tafi da ita, wasu sun ce in ta sani masu fari za su kira ta. Kai ka san shanu. Abin da ka ce shi zan yi."

Ya tashi da ƙyar. Ya buɗe bakin maraƙar ya duba, ya shafa bayanta, ya ɗaga ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya. Ta lashi hannunsa.

"Kyakkyawa ce," ya ce. "Ƙirjinta ya yi faɗi. Nan da shekara uku za ta ja garma ita kaɗai."

"To, me zan yi?"

"Ki yanka ta kafin idi, 'ya'yanki su ci. Gishirin nan ki sa a naman."

Robine ta tsaya tana kallonsa, tana jiran ya ce wasa yake. Alizon ta fito ta kama hannunta ta raka ta bakin hanya.

Ta yanka ɗin. Ta aiko musu da tsoka guda a cikin ganyen kabeji, Alizon ta dafa ta ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallon akushin. Sannan ya ci, don yana jin yunwa.